Gidan da Aisami Ya Saya a Lome

Duk wanda ya san kasuwar dabbobi ta Gure ya san Aisami mai igiya, dattijon nan da ke zama kusa da masu kanwa yana tufka, ba ya shiga hirar kowa. Na-Lome ake ce masa. Ba ya fushi, amma ba ya amsawa.

Ɗan wani ƙauye ne bayan Kelle, wanda yanzu babu shi, tudun rairayi ya cinye shi sannu a hankali. Aisami ya tashi yana kwasar rairayi daga ƙofar ɗakin uwarsa kowace safiya, har ranar da kwasa ta gagara suka ɗaure kaya. Tun daga nan, in ya shiga gidan mutum, kafin ya gama gaisuwa idonsa na gindin katanga.

Da ya girma ya shiga fataucin shanu, yana loda su a babbar motar kamyo zuwa Lome, Allah kuwa ya buɗa masa. Sai ya ci alwashin sayen gidan da zai bar wa zuriyarsa, inda babu tudun da zai biyo shi. Dillali ya yi ta yawo da shi, wannan ya yi matsi, wancan kusa da mashaya, har suka kai wata unguwar masunta gabas da birni. Gidan siminti ne, da itacen kwakwa a tsakar gida. Teku na can nesa, sai ka wuce gidaje da filin ƙwallo kafin ka gan ta.

Mutumin naku bai dubi rufi ba, bai leƙa rijiya ba. Gindin katanga ya nufa. Ya ga shatin inda rairayi ya taɓa kaiwa, ya fi inda yake yanzu da kamu guda. Ya tambayi wani tsoho maƙwabci ko haka yake raguwa kullum. Tsohon ya ce kowace shekara raguwa yake, har da girgiza kai. To, amma mutumin Kelle ina zai gane? Shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin albishir irin wannan ba, wai ƙasar da rairayi ke tafiya da kansa. A ranar ya biya.

Ya ɗauko matarsa A'i da 'yarsu Rumasa'u daga Gure. A'i ba ta taɓa sabawa da ƙugin ruwan ba.

“Malam, abin nan ba ya gajiya ne?” in ji ta.

Ya yi dariya ya ce ruwa ai yana da iyaka. Bayan 'yan shekaru zazzaɓi ya ɗauke ta. 'Yan'uwanta suka so a kai ta gida, Aisami ya ce nan ne gida. Aka rufe ta a ƙaramar maƙabartar Musulmi da ke daura da gidansu, ya mai da yarinyar Gure wajen gwaggonta.

Filin ƙwallon ne ya fara tafiya. Sannan gidajen gaba, ɗaya bayan ɗaya, teku na tone musu gindi suna durƙusawa kamar saniyar da ta sha rani. Sai a lokacin Aisami ya gane wanda ke kwashe masa rairayin. Ya cika buhuna ya jera, shi da ya yi ƙuruciya yana zubar da rairayi, yau ga shi yana sayensa. Wata damina yana arewa wajen sayen shanu aka kira shi a tarho. Kafin ya iso ɗakin gaba ya rufta. Bai ko tsaya duba shi ba, maƙabarta ya wuce, ya tarar babu abin dubawa.

Wannan bai faɗa wa kowa a Gure ba. Gida ya faɗi, shi ke nan abin da aka sani, kuma abin na cin ransa har gobe.

Bara, da aka sa ranar auren Rumasa'u, ta ce ba ta roƙonsa gado ko kwalla, ya kai ta kabarin innarta A'i ta yi mata addu'a. Ya yi ta kwana-kwana, ta ƙi bari. Suka hau mota har Lome. Ya ja ta zuwa inda ƙasa ta ƙare, ruwa na lasar takalmansu.

“Baba, ta ina za mu bi?”

Aisami ya daɗe yana duban ruwan. Can ya ɗaga hannu ya nuna mata wani wuri da jirgin masunta ke ratsawa.

“Wajen can ne,” ya ce. “Ko gaba kaɗan.”