Kawu Jatau, wanda ya bi gulbi kudu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina sussukar gero da hantsi, sama garau babu ko alamar hadari, aka shigo aka ce ruwa ya ci Kawu Jatau. Na ce wane ruwa? Ko yayyafi ba a yi a Madarumfa ba. Ku yi haƙuri da rubutuna, da girma na koyi riƙon alƙalami. Amma ku yara da kuka saba zama gabansa, ya kamata ku san wanda aka rasa.

Ƙanin mahaifiyata ne, masunci. Tun yana saurayi ya ƙi yarda wai gulbinmu daga gidan aljanu yake fitowa. Ya bi shi kudu da ƙafa, ya wuce garin Ɗan Issa, ya shiga kwazazzabai masu zurfin da rana ba ta leƙa su sai ta take tsaka. Inda ruwa ya fi ƙarfinsa, sai ya rungumi babbar gora ya haye. Da ya dawo aka tambaye shi labarin aljanun, ya ce, "Birai dai na gani, kuma sun fi ku kunya."

Yakan ce, "Ruwan da ke cin mutum ba a kansa ake yinsa ba." Shi ya koya muku duba kumfa da karmami: in suka taho bisa siririn jan ruwa, an yi ruwa a kudu, a bar kwari maza. Ran nan ya ga alamar, ya kuma san akwai mata can ƙasa suna tonon yashi neman na sha. Ya gangara yana ƙwala musu kira. Duk suka hau gaɓa. Shi gwiwar tsufa ta ƙi hawa, ruwan ya cim masa.

Matarsa ta ba autana Ilu gorar, don ya fi kowa nacin bin sa. Jiya ya durƙusa ya ce, "Inna, Kawu bai kai mafarin gulbin ba. Ki yarje mini." Kamar in fasa gorar da taɓarya. Amma na san in na hana, zai sulale shi kaɗai. Na ce sai rani, kuma tare da manya.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya karɓi shahadarsa, Ya haskaka kabarinsa. Ya ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri. Yaron nan da ya gaji son gulbi kuwa, ya Allah, Ka dawo mini da shi da ƙafarsa. Amin.