Ɗaurin Igiya a Bargar Kakana

Kakata Inna Asabe ba ta iya tatsuniya ba, kuma ta san haka. In an yi magariba mun zagaye murhunta muna jiran tuwo, labari ɗaya gare ta: yadda mijinta Malam Bube ya share wani fako a bayan garinmu, can wajen Moriki, ya mai da shi filin sukuwa. Nan ya koya wa samari hawan doki. Bayan girbi mahaya kan zo daga Shinkafi da Kaura a yi tsere, matan gari su sayar da fura har ta ƙare.

Mu tseren muke son ji, ita kuwa zancen igiya take son yi.

"Kakanku ba ya ba mutum linzami sai ya iya ɗauri," in ji ta. "Wata guda kana ɗaure doki ga turke kana kwancewa. Wanga ɗauri, in ka ja bakin igiya sau guda, ya warware."

In na yi hamma sai ta dungure ni. "Kai maigida, raggon miji, buɗe kunne."

Wata shekara, ta ce, wuta ta kama rumbun harawa da rana tsaka, ta ci zuwa barga. Maza duk suna kasuwa. Ita kaɗai, da goyo a baya, ta bi turaku tana jan igiya, dawaki tara suka fice. "Ko guda bai ƙone ba. Ni da ban taɓa hawa doki ba."

Filin ya faɗo hannuna bayan rasuwar mahaifina, lokacin Inna ta daɗe a ƙasa. Sata ta yi yawa, hanya ta lalace, tsere ya mutu. Saura dawaki huɗu, jinin dawakin Malam Bube, su ke nan abin da ya rage mana na filin. Sai na yi wayo irin nawa. Na ce ɗaurin da mace mai goyo za ta kwance, ai ɓarawo ma zai kwance. Na je Kasuwar Daji na sayo sarƙa da kwaɗo, kowane doki da nasa.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo ina Kaura, makullan suna aljihuna. Ko kallon dawakin ba su yi ba, babura gare su. Shanu suka kora, suka cinna wa rumbuna wuta suka wuce. Wutar ta ci zuwa barga, matata Rabi ta ruga ciki. Ta ja sarƙa har fatar tafinta ta saɓule, sannan maƙwabta suka janye ta.

Washegari na je na ga dawakin huɗu sun ƙone a turakunsu. Ban yi kuka ba, har yau ban yi ba, ban ma ji komai ba. Na dai tsaya.

Shekara da shekaru na ɗauka Inna kirarin kanta take yi. Ashe faɗa mana take cewa dabba ana ɗaure ta ne don ranar da mai ita ba ya nan.

Yanzu muna zaune a Kaura. Yarana kan ce in ba su labarin filin sukuwa, ina kuwa ba su, har inda Inna ta ja igiyar doki na tara, sai in yanke labarin nan. Rabi tana gefe tana ji, hannuwanta cikin mayafi. Ba ta taɓa cewa in ƙarasa ba.