Kanwa, Kinwa da Zuciyar Baba

Masana tarihi sun ce yaƙi da yunwa ne ke rusa dauloli. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da Hausa a sakandare, na tabbata wasali ɗaya tak ya isa ya girgiza gida, har ya kwantar da dattijo a gadon asibiti.

Shekarun baya, mahaifina ya kamu da hawan jini, zuciyarsa kuma ta fara gajiya. Tsohon hedimasta ne, bai saba a ba shi umarni ba. Likita ya hana shi gishiri da magi da soye-soye, aka koma dafa masa nasa lami a tukunya daban. Baba ya ɗauki abin kamar hukuncin kotu. Sai ya yi loma biyu ya ture kwano. Ya rame, ya daina fita ƙofar gida inda suke zama da abokansa bayan la'asar a layinmu na Tudun Wada. Tsoronmu ya zama biyu: in ya ci abin da ransa ke so, zuciya ta tsaya, in ya ƙi ci, yunwa ta riga ta.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce a ƙasar waje, kuma nisa ya sa damuwarta ta fi tamu. Wata rana ta kira mahaifiyarmu, layi yana yankewa kamar yadda ya saba. Abin da ta ce shi ne, "Inna, a riƙa ba Baba kinwa, tana da kyau ga zuciyar tsofaffi, zan aiko." Abin da ya iso kunnen Inna kuwa, wasalin farko ya faɗi a teku, kinwa ta koma kanwa.

"Oh ni!" in ji Inna. "Sai yanzu Turawa suka gano kanwa? Ta bar wahalar aikowa, ga ta nan tuli a kasuwa."

Ranar Asabar da na zo daga Gyallesu, inda nake zaune da iyalina, na tarar da Baba a tsakar gida da ƙwarya da ludayi, yana kurɓar kunun kanwa.

"Malam, zo ka yi wa mai jego barka," in ji shi. Malam yake ce mini in yana son tsokana. "Uwarka ta ce umarni ne daga Turai. Saura wanka da ganyen darbejiya."

Inna ta amsa daga madafi, "Sha ka yi shiru, Alhaji. Da ni na faɗa, da ka ce camfi ne."

Rabon da in ji dariyarsa har na manta. Maimakon in kira ƙanwata in tambaya, sai na gyara zama na yi musu lacca a kan hikimar magabata, har da cewa ba banza aka kira kanwa uwar gami ba. Baba ya koma ƙofar gida, ya koma gardamar siyasa. Makonnin nan sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba.

Sai ƙafafunsa suka fara kumbura. Takalmi ya ƙi shiga. Wata safiya numfashi ya gagara, muka sa shi a keke mai ƙafa uku sai asibiti. Bayan an samu kansa, likitan ya dubi Inna ya ce, "Hajiya, ana kiyaye gishirin kuwa?"

"Ko ƙwaya ɗaya. Kanwa kaɗai muke ba shi, kullum safe."

Likita ya cire tabarau ya ajiye. "Hajiya, ai kanwa yayar gishiri ce. Abin da muke gudu a gishirin, shi ne dankare a cikinta."

Nan take aka kira ƙanwata. Ta faɗi sunan harafi bayan harafi, sannan ta fashe da kuka. Inna ta zauna ta yi tagumi. Baba ne, da robar iska a hanci, ya ɗaga yatsa kamar a gaban allo.

"Kinwa, kanwa, kyanwa," ya ce a hankali. "Ku gode wa Allah da ba ta ukun uwarku ta ji ba."

Har likitan sai da ya dara.

An sallame shi, aka koma abinci lami, aka koma ture kwano. Ana haka wani matafiyi ya kawo saƙon kinwar daga ƙanwata: jaka mai sheƙi cike da 'yan ƙwayoyi kamar riɗi. Na karanta bayanin da ke jiki na fassara wa gida, cewa tsaba ce daga duwatsun Kudancin Amurka, ana sa ran tana taimakawa wajen rage kitse a jini. Likita ya ce ba magani ba ce, amma hatsi ne mai kyau, ya fi farar shinkafa ga mai irin ciwon Baba, in dai ba a bar shan magungunan asibiti ba.

Inna ta wanke ta, ruwan ya yi kumfa kamar an sa sabulu. Ta dube ni, na ce haka littafi ya ce. Ta dafa. Baba ya tauna a hankali kamar mai duba takardar jarrabawa.

"Rabin maki," ya ce. "Tana so ta zama acca, ba ta kai ba."

Ni haifaffen Zariya ne, acca a littafi kawai na san ta. Sai ga Baba ya ajiye cokali ya shiga labarin da ban taɓa ji ba: ƙauyen da aka fara tura shi koyarwa, can kudu cikin duwatsu, suna sabon aure, ɗaki ɗaya da fitilar ƙwai. Wata maƙwabciya ta koya wa Inna dafa acca da gauta da yakuwa, su ci a kwano ɗaya ruwan sama yana dukan kwanon rufi.

"Kin tuna?" ya ce mata.

"Ci abincinka," in ji ta. Amma ta daɗe a bakin ƙofa kafin ta fita.

Daga wannan makon Baba ya fara cin abinci. Duk Asabar sai in tarar da kwanon kinwa a gabansa, da gauta da yakuwa, ba gishiri, yana sharewa tas. Na taɓa lura ƙwayoyin sun ƙara ƙanƙanta, Inna ta ce sabon samfuri ne. Na ɗanɗana, na yaba wa manoman Kudancin Amurka. Ƙanwata ta ci gaba da aikowa duk sanda ta samu mai zuwa, kuma duk kira sai ta tambaya, "Baba, kana cin kinwar?"

"Duk abin da uwarki ta zuba, ba na ragewa."

Jininsa ya daidaita. Ya ƙara shekaru masu kyau, ya ga jikoki, ya ga dawowar ƙanwata hutu, ya gyara wa kowa nahawu har ƙarshe. Allah ya jiƙansa.

Har yau in Asabar ta yi, ƙafata takan so ta kai ni Tudun Wada da sassafe, in ji ƙarar cokali a kwano, in ji an ce, "Malam, ka makara." Ba tsawon kwanan nake kewa ba, wannan na Allah ne. Zaman nake kewa, su biyu, tana mita yana tsokana. Na sha ba ɗalibaina labarin nan don su girmama wasali. Na sha kuma gaya wa abokaina masu tsofaffin iyaye cewa 'yar tsabar nan daga ƙarshen duniya ita ce sanadin da mahaifina ya koma cin abinci, kuma ilimi ba shi da iyaka.

Bayan Inna ta fita takaba, muka taya ta gyaran ɗaki. A ƙarƙashin gadonta na jawo kwali cike da jakunkuna masu sheƙi, ko ɗaya ba a buɗe ba.

"Inna, waɗannan fa?"

"Ta farkon ma kaji ne suka ƙarasa ta."

"To me Baba yake ci duk shekarun nan?"

"Acca. A nan kasuwa nake saya."

"Ya sani?"

"Shi ya kwatanta mini rumfar."