Shagon Yaya a Kan Suri

Ko da zan manta lambar wayata, ba zan manta hutun daminar da na kwashe shagon yayata daga Birnin Kudu na kai shi tsakiyar gonar gero a ƙasar Gwaram ba. Kuma ba da mota na kwashe shi ba, ba da amalanke ba. Da babban yatsana na dama na yi wannan aiki, kuma ina cikin yinsa ma wauta ta sa ina jin kaina injiniya.

Yayata ita ce babba a gidanmu. Da ta gama karatu ta zauna ba aiki, sai ta sayar da keken ɗinkinta da tunkiyarta ta karɓi injin POS, ɗan injin nan da ake zura masa katin banki a ba mutum kuɗinsa a hannu. Baba bai so ba ko kaɗan. Sai da Inna ta yi ta lallashi kafin ya yarda, shi ma da sharaɗi. Ya ce, "Ranar da hukuma ta zo ƙofar gidana saboda wannan abin, ranar an gama." Yaya ta kafa lema da tebur a ƙofar gida, ta riƙe injin nan kamar jariri. Har ɗan zani ta ɗinka masa. Ni ƙanenta ban taɓa samun ko hula daga hannunta ba.

A lokacin injunan POS yawo suke yi kamar kajin unguwa. Mai inji yau yana tasha, gobe yana kasuwar ƙauye, jibi yana gidan biki. Sai aka fito da doka daga sama cewa kowane inji sai an ɗaure shi da wuri guda, inda shagon mai shi yake, in ya bar wurin ya daina aiki. Wani saƙo ya fara fitowa a fuskar injin Yaya yana neman ta tabbatar da inda take. Mutumin kamfani ya gaya mata kada ta danna sai tana zaune a teburinta. Ita kuwa tana ta ɗage abin, don tana ƙoƙarin shawo kan Baba ya bar ta ta koma bakin tasha inda ciniki ya fi. Duk wannan bayanin an yi shi a gabana. Kunnena yana wurin, hankalina yana filin ƙwallo.

Ana nan sai Kawu, ƙanen Inna, ya aiko daga ƙauyensu a yankin Zandam. Ya sayar da sa, an tura masa kuɗin a banki, ga masu noma suna jiran hakkinsu, kuma a duk ƙauyen babu mai POS. Yaya tana kwance da zazzaɓi, sai ta ɗaura mini kuɗi a ƙugu, ta ba ni injin, ta kama kunnena.

"Abin da na koya maka kawai za ka danna. In ka ga wani rubutu da ba ka sani ba, kira ni."

"Haba Yaya, ni fa a ajinmu ake kira in wayar malam ta ƙi."

"Shi ya sa wayar malam take ƙi kullum."

A ƙauyen Kawu sabis ɗin waya ba ya shiga gida, ba ya shiga masallaci, ba ya zuwa kasuwa. Wuri ɗaya ya sani: wani ƙaton suri a tsakiyar gonar Kawu, kusa da wata tsamiya. Duk mai son kiran ɗansa a Kano sai ya ratsa gero ya hau surin nan ya ɗaga waya sama. Har sun goge samansa ya yi santsi. Mutanen garin suna kiransa ofis.

Na hau ofis, Kawu yana ƙasa riƙe da katinsa cikin leda uku. Na kunna inji, sai ga saƙon nan ya cika fuska. Na danna jan maɓalli, ya dawo. Na sake dannawa, ya sake dawowa. Yaran ƙauye sun taru suna kallon ɗan birni, ni kuwa ba zan kira mace ta koya mini inji a gabansu ba. Na danna kore. Ya yi wata tambaya, na ba shi kore. Ya sake tambaya, kamar mai cewa yaro ka tabbata, na ƙara masa kore. Sai ya yi ɗan juyi ya rubuto wani abu mai kama da barka. Na zura katin Kawu, kuɗi ya fita, takarda ta zubo. Na sauko ina tafiya kamar wanda ya gyara jirgin sama.

Washegari a Birnin Kudu inji ya ƙi. Yaya ta kashe ta kunna, ta cire batir ta hura, ta yi masa addu'a. Mutane suka yi layi suka watse. Daga ƙarshe ta kira mutumin kamfani ta sa muryar a fili, ina gefe ina cin ɗumame.

Ya ce, "Hajiya, ai ba a shagonki kike ba."

"Ina zaune a kan kujerata, Malam."

"To, bari in duba taswira." Ya duba ya ce, "Hajiya, shagonki yana da bishiya babba a gefe?"

"Babu."

"Ni dai abin da nake gani kore ne ko ta ina. Kamar gona. Can wajen Gwaram."

Na ajiye ɗumamen a hankali. Yaya ba ta juyo ba. Ta dai miƙa hannu baya ta kama rigata, kamar tana da ido a ƙeya.

Mutumin ya yi bayani. Canza wuri ba a waya ake yi ba, sai mai duba shaguna ya je da ƙafarsa inda aka yi rajista, kuma ba ya faɗin ranar zuwansa. In ya tarar da shago da mai shago, za a iya neman canji. In ya tarar da fili, to injin ya shiga sahun na masu damfara, a rufe shi, a kai takarda gidan mai shi. Gidan mai shi kuwa shi ne ƙofar gidan Baba. Keken ɗinki ya tafi, tunkiya ta tafi, ga inji zai bi su.

Na yi tsammanin duka. Yaya ba ta dake ni ba, abin da ya fi duka ciwo ta yi: ta saki rigata ta shiga ɗaki. Da ta fito idonta ja, ta ce, "Tunda inji ya ce shagona yana can, can zan buɗe shago. Ba na ƙarya ba, na gaske. Kai kuma ɗauko lemar."

Baba ya saurari labarin yana jan carbi. Ya dube ni tsawon lokacin da ya isa a dafa wake. Sannan ya ce, "Gonar kawunku ba ƙofar gidana ba ce. Ku je."

Haka muka shiga motar Gwaram da lema da tebur da benci a saman mota. Kawu ya tarye mu da murna har sai da ya ji inda za a kafa kayan. Ya ce, "Na noma gero a gonar nan, na noma dawa, na noma riɗi. Banki ne ban taɓa nomawa ba." Ya yarda dai, da sharaɗin duk karan da aka taka ni zan tayar da shi.

Muka kafa lema a gindin suri. Matsalar ita ce a ƙasa babu sabis. Don haka tsarin aiki ya zama Yaya tana zaune a inuwa da jaka, ta karɓi kati ta danna abin da za ta danna, mai kati ya sa lambarsa, ni kuma in karɓi inji in ruga saman suri in ɗaga shi sama har takarda ta fito. Ni ne eriya. Rana ta gasa ni har Inna ta ce da na dawo ba ta gane ni ba sai da na nemi ƙarin tuwo. Cinnaku suka mayar da ƙafafuna kasuwa. Hannuna na dama ya fi na hagu tsawo, har yau in na sa riga sai an lura.

Mun ɗauka za mu zauna mu kaɗai da tsuntsaye. Ina. Kafin mako ya zagayo labari ya kai ƙauyukan kewaye cewa banki ya tsiro a gonar Kawu. Masu tafiya har Gwaram don cire ɗan abin cefane suka daina. Tsofaffi mata da 'ya'yansu ke turo musu kuɗi daga Kano suka fara zuwa da sanduna. Wata ta kafa kaskon awara a ƙarƙashin tsamiya. Hanya ta fito a tsakiyar gero, fetal, kamar an ja ta da igiya. Kawu kullum yana tsaye a bakinta yana faɗa: "Ta gefe, bayin Allah, ta gefe. Wannan ba titi ba ne, abincina ne." Da yamma ni nake bi ina tayar da kara ina ɗaure su, yana biye da ni yana nuna waɗanda na tsallake.

Mai duba shaguna ya zo wata ranar da aka kwana ana ruwa. Ɗan acaɓa ya ajiye shi a bakin gona ya ce iyakarsa ke nan. Muka hango mutum da farar riga da takalmi sau ciki yana ratsa gero, yana duba waya yana duba gabansa, laka har gwiwa. Da ya fito fili ya ga lema da layi da mai awara, da ni a saman suri hannu a sama, sai ya tsaya.

"Salamu alaikum. Nan ne shagon?"

Kafin Yaya ta buɗe baki na duro. Na ce, "Nan ne, ranka ya daɗe. Tsohon shago ne, tun kakanni. Wannan reshe ne ma, babban ofishin yana sama."

Yaya ta ce, "Rufe mana baki." Ta ba shi benci ya zauna, ta gaya masa komai tiryan-tiryan: zazzaɓinta, saƙon, da yatsana. Mutumin yana ji yana cije leɓe. Ya ce in nuna masa yatsan. Na nuna. Ya ce, "Wannan ne ya sa na yi asarar takalmi."

Sannan fuskarsa ta koma ta aiki. Ya ce doka ba ta san yatsan yaro ba, kuma ya sha ganin wanda ya yi rajista a daji da gangan don kada a same shi. Na ga Yaya ta damƙe zanin injin nan da hannu biyu.

Sai wata tsohuwa da ke layi ta buga sandarta a ƙasa. Ta ce, "Ɗan nan, saurara. Bara wani ya zo mana ranar kasuwa da irin wannan abin a jaka. Ya karɓi katina ya ce sabis ya ɗauke. Da ɗana ya duba, an kwashe abin da ke ciki. Ina zan same shi? Ko sunansa ban sani ba. Wannan kuwa na san inda take kwana, na san kawunta, na san uwarta tun tana tallan gyaɗa. In ta cuce ni, surin nan ba ya gudu."

Mutumin ya gyaɗa kai ya ce, "Inna, ai saboda irin wancan mai jakar aka yi dokar." Ya duba takardun Yaya, ya ɗauki hoton lema, ya ɗauki hoton suri. Ya gyara zama zai sa hannu, ya jingina da kyau. Abin da ba mu sani ba shi ne tun ranar da muka ajiye bencin nan masu surin suke aiki a ƙafafunsa. Gara ta cinye cikin ta bar mana fenti. Benci ya yi wata 'yar ƙara, jami'i ya tafi da baya, ƙafafu a sama, biro a hannu.

Ni na riga na fara yi wa injin Yaya ta'aziyya a zuci. Kawu ne ya fara magana, ya ce, "Malam, a hankali, akwai gero a bayanka."

Mutumin ya fashe da dariya yana kwance. A nan ƙasa, a zaune cikin laka, ya ɗora takardar a gwiwa ya sa hannu. Ya ce wa Yaya shago ya tabbata, in tana son a mayar da rajistar Birnin Kudu ta faɗa yanzu ya rubuta. Yaya ta dubi layin da ya kai har tsamiya, ta dubi tsohuwar nan. Ta ce, "A bar shi a nan."

Ni na ce, "Yaya, hannuna fa."

Ta ce, "Kana da na hagu."

Abin da na koya shi ne in inji ya tambaye ka abu har ya maimaita, ba gaisuwa yake yi ba, ka tsaya ka karanta. Na kuma gane cewa dokar da na ɗauka an yi ta don a wahalar da yayata, tsohuwar nan aka yi wa ita. Har yau ko sabunta waya zan yi sai na karanta komai, abokaina suna ta tsaki.

Sauran hutun a kan suri na ƙare shi. Da aka koma makaranta Yaya ta sa aka kafa mata eriya ta gaske a kan dogon ƙarfe, ta sallame ni ba ko sisi. Bayan girbi Kawu ya yanka mata wannan kusurwar gonar, ta yi rumfar kwano da bencin ƙarfe. Shagon yana nan har yanzu, kuma har yanzu ba a yarda in taɓa injin ba.