Shekarar da Aka Jiƙa Rama a Babban Tafki

Ranar da na kama aiki a masana'antar takarda, aka kai ni bayan gini inda baƙin ruwan dafa itace ke taruwa. Abokan aikina suka toshe hanci. Ni ko a jikina. Warin nan na san shi tun ina yaro a ƙauyenmu kusa da Guci, warin rama ne da ta kwana biyu a ruwa.

Ka san rama ba ta sakin zarenta sai ta ruɓe. In kaka ta yi, a sare ta, a ɗaure dami-dami, a danne da duwatsu cikin kududdufi. Namu kududdufin yana saman babban tafki, tsakaninsu ciyawa ce da kainuwa shimfiɗe. Ruwan yakan fita baƙi ƙirin, ya bi ta cikinsu a hankali, kafin ya isa mashayar dabbobi ya washe. Ba wanda ya tsara haka. Haka muka tarar.

A shekarar da aka jiƙa rama a babban tafki ne inna ta rasu wajen haihuwar ƙanena. Kakata, mahaifiyar baba, ta ɗauke shi. Ba mai goyo a dangi, sai saniyarta guda ja mai karyayyen ƙaho. Da nonon saniyar nan yake rayuwa, ana ɗura masa da ɗan ludayi. In ya ƙoshi ya yi gyatsa, kakata ta ce, "Kai, ɗan maraƙi, ka bar wa ɗan'uwanka saura mana."

Damina ta ɗauke da wuri, kududdufi ya ƙafe, ga rama ta yi kyau a kowace gona. Maza suka ce babban tafki ai ruwa ne mai yawa, zai shanye. Gida-gida aka kai dami, har da namu. Baba ne ya ɗora, ni na kora jakin.

Kainuwa ta yi rawaya, ta nutse. Kwaɗi suka yi tsit. Saniyar ta ƙi sha har ƙishirwa ta ci ƙarfinta, ta sha. Sai zawo, sai hantsarta ta yamutse. Kakata ta tatsa, ta tatsa, ƙwaryar ko jiƙewa ba ta yi ba. Ta ce da baba, "Igiya kuka samu. To, ku ba yaron igiyar ya sha."

Aka gwada kunu, cikinsa ya ƙi. Makiyaya ba su sauko ba tukuna, balle a samu nono a wurinsu. Ban yi kuka ba da aka fita da gawarsa a 'yar tabarma. Ina zaune ina murza igiya a cinyata, don an ce kada a bar zaren ya bushe.

Yanzu aikina ke nan a masana'antar, kiwon ƙananan halittun da ke cinye dauɗar ruwa. Muna hura musu iska, muna ba su abinci. In baƙin ruwa ya fi ƙarfinsu, a rage kwarara, a jira su farfaɗo. Kullum suna farfaɗowa. Tafkinmu ma ya washe da kansa kafin bazara, yau kuma ba mai jiƙa rama, igiyar leda ta cika kasuwar Dungas.

Saniyar ma ta warke. Da ta sake haihuwa nono ya zo har yana ɗiga a ƙasa. Kakata ta ce a bar wa maraƙin duka, ba ta ƙara tatsarta ba.