Cak Kusnadi da Motar da ke Kiran Wayar Mijina

Kafin masu manyan shaguna na titin Kedungdoro su ɗaga ƙofofinsu, Cak Kusnadi ya riga ya share gaban rumfarsa. Rumfar ba ta da wani girma. Tebur ne, da kujerun roba, da akwatin kayan aiki, da wata tsohuwar tabarma da yake shimfiɗawa idan zai kwanta ya leƙa ƙarƙashin sitiyari. Yakan sayi kofi wurin matar da ke kan kwana, ya ajiye ya huce, sau da yawa ya manta da shi har ƙuda su riga shi. Aikinsa sa wa motoci rediyo mai allo, irin wanda ke kama wayar mutum ba tare da igiya ba, direba ya amsa kira ko ya ji waƙa hannunsa na kan tuƙi. Tun zamanin kaset yake wurin. Yanzu idonsa ya gaji, ya ce damina na ɗaukewa zai rufe rumfar ya koma ƙauyensu a Jombang. Shi ya sa na zauna in rubuta wannan, ko da yake karatuna bai yi nisa ba.

Sunana Warsini, ana ce mini Mbak War, ina sayar da dunƙulen shinkafa a ganyen ayaba a kasuwa. Ni ban taɓa yarda da mutanen titin nan ba. A ganina duk wanda ya kwance maka gaban mota ya ga abin da kai ba ka gani, zai iya cire mai kyau ya sa maka tsoho. Ranar da mijina, Mas Darmaji, ya kai motar da yake haya da ita a sa mata allo, cewa na yi ya tsaya a kansa kada ya je ko fitsari. Ya dawo yana dariya, ya ce mutumin ko taɓa wayarsa bai yi ba.

Ashe haka yake aiki. Idan ya gama ɗaura na'ura, sai ya goya hannunsa a baya, ya ce wa mai mota ya kunna bulutut, abin da ke haɗa waya da mota, da kansa, ya danna nan, ya danna can. Ko minti nawa za ka ɓata, zai jira. Direbobi sun sha ba da labarin wani mai kuɗi da ya zo da waya a aljihu, yana so a haɗa ta da motarsa a ɓoye don ya riƙa ganin masu kira. Cak ya tambaye shi wayar ta wa ce, ya ce ta matarsa. Cak ya ce to ya je ya kawo matar, ita za ta danna. Wani saurayi kuma ya nemi a buɗe masa allon ya riƙa kallon fim yana tuƙi, Cak ya leƙa fuskarsa da kyau, ya ce shi dai ido biyu ya gani, idan akwai na uku ya nuna masa. Duk na ji waɗannan, na ce dabarar jan ciniki ce.

Mas Darmaji ya faɗi ne wata safiya a filin masallacin unguwarmu, inda muke ajiye mota, domin lungunmu ko babur sai an tura shi. Yana goge gilashi zuciyarsa ta tsaya. Pak Wagiman, mai gadin filin, shi ya ɗauke shi ya sa a kujerar baya, shi ya nemo wanda zai ja motar, shi ya riƙe kansa a cinya har asibiti. A can aka ce mini ya rasu, aka miƙo mini walat da agogo da makullin mota. Waya babu. Ba tsadarta ta dame ni ba. Muryarsa na ciki, duk saƙonnin da yake turo mini daga hanya yana tambaya me na dafa, da hotunan 'yarmu Ningrum tun tana rarrafe. Tawa wayar ta taɓa faɗawa ruwa, komai ya tafi. Idan na kira lambarsa, a kashe.

Da na koma kasuwa, ni ke jan motar, dama mijina ya koya mini. Ran wata Juma'a da safe na murza makulli, sai allon ya rubuta sunansa, ya ce ya haɗu da wayar Darmaji. Kafin in ja numfashi waƙar da ya fi so ta cika motar. Ningrum ta ɓalle ƙofa ta fita ba takalmi. Na danna lambarsa, sai ƙarar kiran ta fito daga cikin motar kanta. Asabar shiru, Lahadi shiru, har sati ya zagayo. Juma'a na yi, waƙa ta sake tashi.

Matan lungu suka ce ai ruhun mamaci ba ya barin gida sai an yi arba'in, kuma daren Juma'a yake zagayawa. Na ce musu ruhu ba ya cajin batir. Wani ne ke riƙe da wayar, yana kunna ta lokacin da ya ga dama. Kuma wa ya taɓa aljihun mijina a ranar? Ɗakin gadin Pak Wagiman yana nan a bakin filin. Na fara lura da shi. Ya yi sabon takalmi, na gani. Ya gaishe ni da taushi fiye da da, na ce kunya ce ke cinsa. Na ƙudura cewa ran addu'ar arba'in, idan maza sun zauna a tabarma, zan fito daga kicin in kira sunansa a gaban liman.

Amma shi ma mai na'urar ban wanke shi ba. Na je rumfarsa na jefa makulli a kan tebur, na ce ya gaya mini abin da ya dasa a motar mijina. Ya miƙe ya yi mini ta'aziyya, ya jawo kujera, na ƙi zama. Ya saurari labarin duka bai katse ni ba. Sannan ya ce abin nan ba ya jin kira daga nesa, iyakarsa kamar inda mutum zai jefa silifa ya kai, kuma bango na rage masa ƙarfi. Idan mota ta kama wayar, to wayar na kusa, kuma a kunne take.

Na ce, "To na gode, ka ba ni ɓarawona." Na gaya masa abin da zan yi wa Pak Wagiman ran Lahadi, ranar addu'ar arba'in.

"Mbak War, kin gan ta a hannunsa?"

"Sai na gani? Kai da ka ce silifa."

"Silifa gefe ɗaya take faɗawa kaɗai? Ba ni Juma'ar nan. In shi ne, ni zan tsaya a bayanki ki faɗa."

Na tafi ina cewa a raina lokaci yake saya ya je ya tsegunta wa mai gadin, ai sun san juna, duk ƙungiyar ƙwallo ɗaya suke goyon baya. Har na sa ido a filin kwana biyun nan ko zan ga babur ɗinsa. Bai zo ba sai Juma'a da sassafe, ya bar rumfarsa a rufe, ko sukudireba bai riƙo ba. Pak Wagiman ya tare shi da wasa, wai ciniki ya mutu ne har an fara bin gida gida. Cak ya ce ya zo duba ko mai gadi na barci ne.

Ya ce in shiga in tayar. Sunan ya fito, waƙa ta tashi. Ya ce in ja a hankali zuwa ɗakin gadi, shi yana tafe a gefen tagata. Muna matsawa waƙar ta fara sarƙewa, kafin mu kai ƙofar ɗakin ta ɗauke ɗif. Na ce wani abu ya taɓa. Ya ɗaga hannayensa sama ya ce in koma baya in sake. Na sake, haka. Na sake don kaina, haka. Muka nufi ƙofar masallaci, ta ɗauke. Wuri ɗaya kawai take fita tangaran, inda Mas ya saba ajiye motar, jikin wani shuɗin bango mai ƙaramar taga.

Mata sun fara taruwa da bokitai a hannu. Cak bai nuna ko'ina da yatsa ba. Ya sunkuyo kamar mai duba allon, ya ce a hankali, "Na'urar lafiyarta ƙalau, Mbak. Wayar ba ta wajen gadi. Tagar nan ta wa ce?"

Na gane tagar, shi kuma bai sake tambaya ba. Ya juya ya tafi wurin Pak Wagiman, ya roƙi taba, ya tayar da musun ƙwallo da ƙarfi har matan duk suka koma kallonsu. Ni kuma na kashe mota na zagaya ta lungu na shiga ɗakin surukata.

Mbah Tumirah, mahaifiyar Mas, ita kaɗai take zaune a tsohon ɗakin. A kan teburin da ke ƙarƙashin taga akwai hotonsa, da baƙin kofi a kofin gilashi, da karan taba mai kanumfari, da furanni a ruwa. Wayar na tsakiya, a jone da caji. Tsofaffinmu sukan ajiye wa mamaci abin da yake so daga yammacin Alhamis ya kwana, har a yi arba'in. Sabon limaminmu ya hana, ni ma na sha faɗa a gabanta cewa ɓarnar kofi ce. A ranar da ya faɗi, ita ta tsinci wayar a bakin kwata bayan mota ta tafi. Abu ɗaya ta iya da ita, danna maɓallin gefe ta kunna ta da yammacin Alhamis, ta kashe idan hantsin Juma'a ya yi.

"Mbah, kina ji ina kuka a kan wayar nan, kika yi shiru?"

"Da na faɗa da kin ɗauke. Kin san shi, ko abinci yake ci tana hannunsa. Ya zo ya tarar da kofi ba waya?"

Na ce mata saura kaɗan in kira Wagiman ɓarawo a gaban jama'a. Ta rufe baki da gefen zanenta. Sannan ta ce duk safiyar Juma'a tana jin waƙarsa ta taga, ta san ya zo ya sha. Ni ba na iya ƙarya, ko ga tsohuwa. Na ce mata ba shi ba ne, mota ce ke gane wayar idan suna kusa.

Ta ce, "To wa ya haɗa su tun farko? Ba shi ba?"

Na zauna a bakin gadonta, na buɗe saƙonsa na ƙarshe, muka ji shi yana tambaya ko akwai sauran miyar jiya.

Da na fito, Cak ya tambaye ni abu ɗaya, ko ina so a cire sunan daga motar. Ya ce idan ina so zai nuna mini wurin, amma ni zan danna. Na ce a bar shi. Na kawo maganar ladan zuwansa, ya ce bai kwance ko noti ɗaya ba. Ya hau babur ya tafi. Ningrum ta kwashe muryar babanta da hotunan ta adana, wayar kuma ta koma teburin Mbah.

Ran Lahadi Pak Wagiman ne ya shimfiɗa tabarmi, shi ya zauna kusa da liman, shi ya raba wa maza kwalayen shinkafa. Na tsaya a ƙofar kicin ina kallonsa, a daidai wurin da na shirya tsayawa in tozarta shi.

Cak Kusnadi, kai ne ka rufe rumfarka ranar ciniki saboda matar da ta jefa maka makulli ta kira ka macuci. Kai ne ka gane inda wayar take tun kafin ni, ka bar ni in gano da hannuna, don ka san da bakinka ka faɗa ba zan yarda ba. Kai ne ka ga sirrin tsohuwa ta taga ka juya masa baya, har yau ban ji shi a bakin kowa ba sai yanzu da ita ta ce in rubuta. Mai hannu a baya, na gode. Har gobe ina ƙirga canjina sau biyu, kuma ban fasa zargin titinku ba, amma kai na cire ka.

Ku da za ku gaji wannan sana'a, mutane za su riƙa kawo muku motoci da wayoyi cike da abin da ko 'yan uwansu ba su sani ba. Ku yi yadda ya yi. Kada ku karɓi abin da ba a miƙo muku ba, kuma idan mai fushi ya zo da sunan wani a bakinsa, ku bi shi ku gwada kafin ku ce masa haka ne.

Allah ya kai ka Jombang lafiya, Cak, ya bar maka sauran ganinka. Pak Wagiman har yanzu yana zaton na'ura ka zo gyarawa ranar nan. Kafin kowa ya ga wannan rubutu, zan kai masa shi ɗakin gadi da kaina, Ningrum ta karanta masa ina tsaye.