Ƙuliƙuli a igiyar kaba

In na tsaya ina kuka, a bar alƙalami ya huta, zan dawo.

Ni 'yar Jiratawa ce, aure ya kawo ni Maraɗi, zamanin Nasara. Sana'ata tun gidanmu ita ce matsar man gyaɗa da suyar ƙuliƙuli. Shekarar da ruwan gulbi ya ci tsohon gari aka tashe mu zuwa tudu, masu sayena suka warwatse. A sabuwar unguwa kowane gida da mai suya. Ƙuliƙulina ya riƙa kwana a ƙwarya har ya yi wari, na yanke shawarar sayar da kaskona in huta.

Maigidana jakuna gare shi, yana ɗauko gyaɗa daga Tibiri zuwa wurin awon Turawa. Kullum ya dawo, kafin ya kwance mangala na fara jero masa: itace ya yi tsada, maƙwabciya ta karya farashi, ba mai leƙowa. Bai taɓa ce mini ƙarya nake ba. Sai ya wanke ƙafa, ya zauna, ya ce, "'Yar Jiratawa, kin gama? To bari in ba ki labarin masu yunwa."

Ya ce a bakin awo mutane na tsayawa tun hantsi har la'asar, ba mai barin layi don kada a ci gurbinsa. Hannu ɗaya na riƙe da igiyar jaki. Ga mai tuwo can ƙarƙashin bishiyar bedi, suna hangen ta, ba halin zuwa.

Na ce, "Maigida, in na kai musu, a ina za su zuba? A hula?"

Ya ce, "Wasu ko hular ba su da ita. Amma kowa na da wuyan hannu."

Na yi dariya, na ce mai jaki ne zai koya mini suya. Ya ce shi bai iya suya ba, ci ya iya. Washegari ya dawo da damin kaba, ya ajiye kusa da murhu. Na bar shi nan har ya fara bushewa. Ranar da mai sayen kasko za ta zo, na murza ƙullin na lanƙwasa shi kamar zobe, na soya, na zura a kaba na ɗaure. Mutum ya rataya a hannu, ya riƙa ɓalla yana ci, igiyar jakinsa na hannunsa.

Na bi layi da ƙwarya a ka. Ban kai tsakiya ba ta ƙare. Wani tsoho mai raƙumi ya ce, "Baiwar Allah, ina kika shiga tun bara?" Maigidana na can baya cikin layi, ya kau da kai kamar bai san ni ba, amma na ga kafaɗarsa na rawa don dariya.

Kakar gyaɗa ɗaya tak ya gani ina wannan ciniki. Ya fara yi mini labarin kasuwar Tibiri, wai akwai matan ƙauye masu dogon zama a rana, in an gama awo za mu je tare in gani da idona. Da zafi ya shigo, sanƙarau ya shiga unguwa, ya tafi da maigidana.

Da na fita takaba na koma bakin awo, da wannan kasko na ciyar da 'ya'yana har suka girma. Tibiri kuwa ban kai ƙwarya ba ko sau ɗaya. Duk ranar da na yi niyya, sai in tuna nisa, in tuna rana, in tuna ba jaki. Na kan jero su da ƙarfi a tsakar gida, in gama, in saurara. Ba wanda ke amsawa.